Jar Mota Mai Kujera Biyu

Mutane suna cewa ina da saurin fushi, ni kuma ban taɓa musu ba. Amma in ana so a ga na tashi daga majalisa ba sallama, to a ɗauko zancen jar motar nan. Har yau akwai tsofaffi a Damagaram da in sun hango ni sai su ce ga mai jangwada nan, su yi ta dariya har da tari. Motar ta daɗe da barin hannuna, wani Balarabe ya loda ta a kamyo, babbar motar kaya, ya yi arewa da ita, amma sunan ya ƙi barina. Su wucewarta kawai suka gani. Abin da ta jawo mini ba su sani ba, ni kuma shekara da shekaru ban faɗa wa kowa ba.

Ni bakanike ne, ɗan wani ƙaramin ƙauye da ke arewa da Hamdara, tafiyar awa biyu a ƙasa daga bakin gudron, wato titin kwalta. Ban yi nisa a lakwal ba. Kaina bai ɗauki boko ba, amma kunnena ya ɗauki inji. Tun ina saurayi na shigo birni na koyi aiki a wani garaji a unguwar Zango, daga nan wani kamfanin Turawa masu haƙa rijiyoyi ya ɗauke ni ina kula musu da manyan motoci da injunan haƙa. Maigidanmu mutumin Italiya ne, gajere, mai gashin hannu, in yana magana sai ka ɗan ja baya don kada ya tsone maka ido. Faransancinsa bai fi nawa ba, shi ya sa muka jitu.

Sai da na shekara a wurinsa sannan wata rana ya kai ni bayan gidansa, ya buɗe wata rumfar kwano, ya yaye tamfol. Wallahi sai da na ja da baya. Ja ce jawur, a shimfiɗe a ƙasa, rufinta iyakarsa cibiyata. Na je gaba na ɗaga murfi ina neman inji, na tarar ba kome sai tayar safaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya jawo ni baya. Ashe injin yana bayan kujeru ne, silinda goma sha biyu, da karbirato shida a jere. Sunanta ba zan faɗa ba, ba talla suka ɗauke ni in yi musu ba. Ya ce a ƙasarsu aka ƙera ta, tun a lokacin ma ta kwana biyu, kuma a jirgin ruwa ya kawo ta, sannan a bayan babbar mota tun daga bakin teku har Damagaram, don ba ya iya rabuwa da ita. Na ce a raina wannan hauka ce irin ta Turawa. Da ya tayar da ita na ji ƙararta, sai na daina cewa haka.

Shi ya koya mini saita karbiraton nan shida da kunne. Guntun tiyo ake samu, a sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kowane maƙogwaro, a saurari yadda yake shaƙar iska, ana murɗa sukuru kaɗan-kaɗan har dukansu su riƙa numfashi iri ɗaya. Aiki ne na yini guda, ba ya son gaggawa, ba ya son surutu. Cikin wata uku na fi shi iyawa, shi da bakinsa ya faɗa. Ran Lahadi mukan fita da ita hanyar Takieta, inda gudron yake miƙe ba kwana, a can ne ya fara ba ni sitiyari. Ranar da na taka ta da gaske, ƙarar nan ta taso daga bayan ƙeyata, kujera ta manne mini a baya, bishiyoyin gawo suka riƙa wucewa ban iya ƙirga su ba, sai na ji hawaye yana zubo mini ban san dalili ba. Ba zan ɓoye ba, na so motar nan son da a lokacin ban yi wa wata ƴa mace ba. Mutanen gari kuwa suka sa mata jangwada, ƙadangaren nan mai jan kai, wai don ja ce kuma cikinta a ƙasa yake.

Sai farin nan ya zo, na biyun, wanda ya biyo bayan babban farin da muka gani muna samari. Hatsi ya fito ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Aikin kamfani ya tsaya, aka fara naɗe kaya. Maigida ya nemi mai sayen motar bai samu ba. Alhazan birni sun zo kam, suka zagaya ta, wannan ya leƙa ya tambayi inda ake sa buhu, wancan ya gwada shiga babbar rigarsa ta maƙale sai da muka jawo shi. Mayar da ita ƙasarsu kuma ya ce ba shi da hali yanzu. Ana gobe zai tafi ya kira mu biyu da muka fi daɗewa da shi, ni da wani dattijon direba Babarbare, ya ce ga jar mota, ga kuma tsohuwar akori-kurar aiki, kowa ya ɗauki ɗaya a matsayin sallama, ni ne kuma zan fara zaɓa.

Dattijon ya ja ni gefe. Ya ce in ɗauki akori-kurar, shi ƴaƴansa sun girma suna ciyar da shi, ni kuwa ina da iyaye a ƙauye, kuma shekarar nan ba ta ado ba ce. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ba ni haushi. Na ce masa shi direban buhu ne, me ya sani a mota. Abin da na faɗa wa mutumin da ya isa ya haife ni ke nan. Ya dube ni, ya ce Allah ya sa alheri, ya ɗauki makullin akori-kurar. Kafin mako ya zagayo ya yi arewa da ita yana dakon hatsi.

Mai gidan da nake haya a Zango ya ba ni wani tsohon shago na sa ta. Makon farko unguwa ta taru, ana ta barka, ana ta Allah ya tsare, ni kuma kaina ya yi girma. Daga nan aka fara zuwa da buƙata, don a wurinmu mai mota ba shi kaɗai ke da ita ba, ta unguwa ce. Aka zo in kai mata huɗu suna a Mirya, na ce kujera biyu gare ta, ɗaya tawa. Aka zo in ɗauko buhun dawa daga kasuwa, na ce ba wurin sa shi. Wata safiya maƙwabcina ya zo a guje matarsa tana naƙuda, na fito da motar, baiwar Allah ta yi, ta yi, ta kasa sunkuyawa ta shiga, sai a amalanke aka tafi da ita ina tsaye da makulli a hannu. Daga ranar aka daina zuwa. Ba su yarda motar ce ba ta iyawa ba, sun ɗauka rowa ce. In na zo majalisa sai a sauya zance, in na yi sallama a amsa da ƙyar. Ni kuma da halina, maimakon in ba da haƙuri sai na riƙa cewa su ne ba su waye ba.

Ruwan Damagaram ko a shekarar ƙoshi wahala ne, balle a wannan. Wata rana na sayi garwa guda a wurin mai ruwa, na raba ta biyu, rabi na sha da alwala, rabi na jiƙa tsumma ina goge motar. Ina cikin yi na ɗaga kai na ga wata tsohuwa a bakin shagon da tulu fanko a kanta, tana kallon ruwan da ke ɗiga a ƙasa. Ta juya ta wuce. Tun daga nan da busasshen tsumma nake goge ta, kuma sai na rufe ƙofa.

Hawa kuwa ba kullum ba. Isansin, wato man fetur, da take sha a fita ɗaya ya ishi mobiletina, ɗan babur ɗin da nake hawa, wata guda, ga shi aiki ya yi ƙaranci, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. Bayan la'asar nakan shiga shagon, in zauna a cikinta ba tare da na tayar ba, in riƙe sitiyari, ina shaƙar ƙanshin fatar kujerun, har a kira magariba. Ba mata gare ni a lokacin ba, abokai sun janye, wanda muke sauraren inji tare ya koma ƙasarsu ko wasiƙa babu. Ga ni da abin da na fi so a duniya, ba kuma wanda zan ce wa zo ka ji. Na yi kaɗaici a watannin nan irin wanda ban taɓa yi ba.

Ashe labari ya riga ya isa ƙauyenmu. A can ba wanda ya ce jangwada, ba wanda ya ce kujera biyu, cewa kawai aka yi ɗan gidan wane ya yi mota. A ƙauyen nan tun da aka kafa shi ba a taɓa samun mai ko keke sabo ba.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, wanda ya san ƙauye ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, yaron nan yake cewa. Bai taɓa zama mu yi hira ido da ido ba. In yana son faɗa mini abu sai ya faɗa wa Iya ina ji, ita kuma ta maimaita mini tana kallon wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tashi muka tarar. Ƙannena mata biyu suna gidajen aurensu can nesa, namijin ya tsallaka Najeriya neman abinci, saura Baba da Iya su biyu a gida. Na san ko za su mutu Baba ba zai aiko in zo in ɗauke su ba, ni ya kamata in gane da kaina. Na kuwa gane. Amma motar ba ta shiga rairayi, wannan na sani tun ran farko, kuma yaya zan shiga garinmu a ƙasa, da ƙura har gwiwa, bayan an ce na yi mota? Sai na riƙa aika musu tiya biyu, tiya uku ta hatsi ta hannun masu zuwa kasuwar Hamdara, ina ce wa kaina mako mai zuwa zan je. Makon nan ya yi ta zuwa yana wucewa har bazara ta kama.

Wata rana da hantsi na bi ta bakin gari, hanyar Mirya, inda mutanen ƙauyuka suka kafa ƴan bukkoki na tsumma da kwali suna jiran rabon abinci. A nan na ga jakin Baba. Ko cikin jakai ɗari na san shi, kunnensa na hagu a tsage yake. Maƙwabcinmu na ƙauye ne ke riƙe da igiyar, ya rame har sai da ya yi magana na shaida shi. Bayan mun gaisa ya ce gari ya watse, rijiya sai laka ake kwasowa, gida uku kawai suka rage. Ya ce ƙafafun Iya sun kumbura ba ta iya taka su, sun roƙi Baba su taho tare a ɗora ta a jaki, ya ƙi. Na tambaye shi to yaya aka yi jakin ya zo hannunsa. Ya sunkuyar da kai.

"Shi ya ba mu. Cewa ya yi ku ɗora yaranku, mu yaron nan zai zo da mato."

Na ce yaushe ke nan. Ya ce yau kwana tara.

Na rasa inda zan sa idona. Na shiga gari neman motar da ke shiga rairayi, amma duk irinsu suna bakin aikin rabon abinci. In faɗi gaskiya ma ban nema yadda ya kamata ba. Mutum biyu na tambaya, da na biyun ya ce a'a, ina jangwadar taka, sai zuciya ta ɗebe ni na juya. Kai, zuciyar nan tawa ta cuce ni a duniya. Na sayar da mobiletina a ranar, na zuba wa jar mota isansi, ina gaya wa kaina ƙila in na rage wa tayoyi iska za ta wuce. Ni da na shekara goma ina ciro kamyo daga rairayi, ni ne nake yi wa kaina wannan ƙarya.

Ana sallame sallar asuba na fita. Duk hanyar mutane ne suna tahowa birni a ƙasa, da ƙunshi a ka, da yara a kafaɗa, wasu suna jan akuya ɗaya da ta rage. Kowa na wuce sai ya tsaya ya juyo yana kallo. Da can kallon nan shi nake so, ranar kuwa da da hali da na rufe motar da tabarma. Kafin rana ta ɗaga na isa Hamdara. Na sauka na rage iskar tayoyi, na yi bisimilla, na karya kan motar na sauka daga gudron. Ba ta yi taku ɗari ba cikinta ya zauna daram a kan tudun tsakiyar hanya, tayoyi suna ta juyawa a banza. Har hantsi ya wuce ina fama, na yi gaba, na yi baya, na taka ta har na ji ƙaurin kuloci, ba abin da ya motsa. Mutanen wurin ne suka taru, mutanen da su kansu ba su karya ba, suka ciccibe ta suka mayar bakin gudron, ƙarƙashin wata tsamiya. Ba wanda ya yi dariya, ni kuwa na gwammace su yi. Akwai wata tsohuwa a gindin tsamiyar tana sayar da dafaffen ganye, na roƙe ta ta sa mini ido a kan motar, na kama hanya a ƙasa.

Gonakin da na sani duk sun zama fili, ko karan bara babu, an tsince. Bishiyoyin gawo an sassare musu rassa an ba dabbobi, dabbobin kuma ga ƙasusuwansu nan a gefen hanya. Awa biyu ban haɗu da kowa ba. Wajen azahar na hango garin.

Tun daga bakin gari na ga abin da ban gane ba da farko. Ƴar hanyar da ke zuwa gidanmu, wadda a da jaki ɗaya ke bi, an faɗaɗa ta. An tone kututtura, an kwashe duwatsu an jera a gefe, an cike wani rami da nake tsallakewa tun ina yaro. Da na iso gida na tarar an cire darni ta gabas, an buɗe wuri mai faɗin da mota za ta shiga ba ta goga ba. A cikin gida kuma ga sabuwar rumfa, an yi ta da karan da aka cire da na rufin rumbu, an share ƙasanta tas. A shekarar da ake sayar da kara dami-dami kamar hatsi, tsohon nan shi kaɗai ya yi wa motata inuwa.

Yana zaune a gindin bangon ɗaki, cikin rigarsa ta Juma'a, bai shiga inuwar rumfar ba. Kusa da shi ga ƙunshin kayansu a ɗaure, ga buta a kai. Iya tana kwance a bakin ƙofa a kan tabarma, ƙafafunta sun yi suntum. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa, amma ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo, can hanya. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina aiki, ina mutanen birni, idonsa bai bar hanyar ba. Daga baya ya juya wajen Iya.

"Tambaye shi ko a bakin gari ya bar ta."

Ban jira ta maimaita ba. Kaina a ƙasa na faɗa masa kome, na ce tana Hamdara, ba ta shiga rairayi, ba za ta taɓa shiga ba, kuma na sani tun ranar da na ɗauke ta. Na so ya zage ni, wallahi na so ya ɗauki sanda. Abin da ya ce kawai shi ne a ba yaron nan ruwa, ya sha rana. Iya ta nuna mini randa da hannu. Ruwan ja ne, rabinsa laka, na sha don kada in ƙara musu wani abu.

Muka jira rana ta yi sanyi. Ba jaki, ba amalanke, gidajen da suka rage tsofaffi ne da ba su fi su ƙarfi ba. Bayan la'asar na durƙusa na ce Iya ta hau bayana. Ta ƙi, ta ce ina aka taɓa yin haka, ɗan fari ya goyi uwarsa a tsakiyar gari. Baba ya ce mata garin ma ina yake. Ta ja mayafi ta rufe fuska, na goya ta da zanenta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ya fi kome tayar mini da hankali. Baba yana biye da ƙunshi a ka da buta a hannu, yana jan ƙafa. Mukan yi tafiya kaɗan in sauke ta mu huta, mu sake tashi. Duk hanyar ina jin numfashinta a wuyana.

Rana tana gab da faɗuwa muka iso tsamiyar. Motar tana nan, hasken yamma ya buge ta tana ta walƙiya, ba ta taɓa yi mini kyau kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin haushinta kamar ranar ba. Na zaunar da Iya. Baba ya ajiye ƙunshi, ya je ya zagaya ta sau ɗaya a hankali, hannunsa a baya. Ya tsaya, ya goge tafinsa a riga, sannan ya shafa rufin. Ya sunkuya ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙawa. Na ga idonsa ya je kujerar nan, ya je waccan, ya nemi ta uku a baya bai samu ba. Na fara bayani, na ce zan kai Iya asibiti in dawo yanzu-yanzu in ɗauke shi, motar tana da gudu, kafin isha na iso. Bai dube ni ba.

"Shiga," ya ce wa Iya. "Ki gaya masa ta yi kyau."

Da ƙyar na lanƙwasa ta na sa ta a kujera. Ƙunshin ma bai samu wuri ba, sai a wurinsa aka bar shi. Ya zauna a gindin tsamiyar, ya jawo buta kusa. Da na ja motar na duba madubi don in gan shi, amma gilashin bayanta ɗan siriri ne, ba abin da nake gani sai murfin inji.

Ban dawo kafin isha ba. Kafin a karɓi Iya a ba ta gado lokaci ya tafi, da na fito kuma na tarar fafutukar da na yi a rairayi ta shanye isansin, allura ta kwanta. Gidajen mai a rufe, wanda na buga wa ƙofa ya ce sai gobe. Sai da gari ya waye na samu a wurin masu sayarwa a kwalba, na zuba mata haka nan tana tari tana fizga, na kama hanya. Da hantsi na isa Hamdara. Tun daga nesa na ga gindin tsamiyar ba kowa sai tsohuwar nan mai ganye, da ƙunshin a gefenta. Na tambaye ta ina dattijon da na bari jiya. Ta ce a nan ya kwana, a nan ya yi sallar asuba, ta ba shi ganye ya ci kaɗan, sannan ya ɗauki butarsa, ya bar kayan ya ce na matarsa ne.

"Ya ce in ka zo a gaya maka ya bar darni a buɗe, ya je ya rufe."

Na bar motar a nan ko kulle ta ban yi ba, na bi shi. Sawunsa yana nan a rairayi duk hanyar, da wuraren da ya zauna ya huta, na ƙirga har bakwai. Da na isa na tarar ya riga ya sauke rumfar. Ya cire rigar Juma'a ya rataye, ya tone ramuka a inda ya buɗe, ya mayar da kusan rabin karan. Na durƙusa a bayansa na roƙe shi. Na ce Iya ta samu gado, an ba ta magani, tana tambayarsa. Na ce zan goya shi kamar yadda na goya ta, na ce zan sayar da motar ko da kuɗin goro ne in sayi jaki, na ce ya yafe mini. Kuka nake yi sosai, ni da ban yi kuka a gabansa ba tun ranar kaciyata. Ya ɗauko damin kara ya tsayar a rami, ya daidaita shi da na kusa.

"Riƙe nan."

Na riƙe, ya ɗaure. Haka muka yi ta yi, ina riƙewa yana ɗaurewa, har muka rufe wurin gaba ɗaya wajen la'asar. Bai sake barin gidan ba. Duk ranar kasuwar Hamdara nakan ɗauko hatsi a kaina in kai masa, in kwana in dawo, ba mu kuma taɓa yin zancen mota ba. Ya rasu saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka.